Abin da Ya Kwanta a Gindin Ƙwarya

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lafiya, ya kuma kawo mu nan da ƙafafunmu. A ƙasarmu ta yanzu, wannan ba ƙaramin abin gaisuwa ba ne.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu. Na koyar a makarantar firamare a nan Bukkuyum har gwamnati ta ce na isa hutu. Cikin iyayen da ke zaune a gabana akwai waɗanda na taɓa sa su kamun kunne. Ina roƙo su yafe, su kuma zauna shiru kamar da. Na rubuto shaidata ne saboda shugabar zumunta ta san halina: in aka ba ni fili babu takarda, sai an kaɗa ƙararrawa.

Shaidata a kan jikana ce, Iliya, ɗan shekara uku. Ni dai Angona nake ce masa, ko da yake bai taɓa kawo cefane ba. Ubansa Ishaya ɗana ne na biyu, don haka zan iya kiran sunansa ba tare da tsofaffin cikinku sun harare ni ba. Uwarsa kuwa Ladi, kun san ta a ƙungiyar mawaƙa.

Kafin in kai ku asibiti, sai na fara kai ku gindin darbejiyar ƙofar gidanmu.

Maigidana, Malam Habila, manomi ne, yana da wata al'ada da ya gada wurin mahaifinsa. Kowace bazara, kafin ruwan fari, sai ya tara mutanen gida a gindin darbejiyar nan ya ce a yi waiwaye. Waiwaye shi ne a bi daminar da ta wuce, tun daga ranar da aka fiddo iri har ranar da aka rufe bakin rumbu. Wane iri ne ya yi, wane ne ya ba da kunya. Ina ƙuduji, ciyawar nan mai shanye hatsi, ya ci ƙarfin dawa. Wace kusurwa ce ke son taki. Wa ya makara da maimai, me kuma ya makarar da shi. Dokar guda ce: ba a tsallake. In ka yi gaggawa ka ce, "Sai muka yi girbi," zai ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ba mu gama noma ba." Na sha gaya masa cewa sufeton makaranta ma bai kai shi tsanani ba, don shi sufeto in ya sha ruwan sanyi tafiya yake yi.

A bazarar nan da ta wuce, babu wanda ya ambaci waiwaye. Har shi Malam ɗin.

Gonakinmu biyu ne. Akwai ƙarama a bayan gari, inda muke dawa da wake. Akwai babba a hanyar Zugu, ita ce ta gero. A da, in gero ya nuna, sai a kwantar da kara, a yanke zangarniya, a bar ta ta sha rana, a ɗaura dammuna, a kawo gida da amalanke, a jera a rumbu. Mu mata mu riƙa ɗiba muna sussuka kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Aikin natsuwa ne. A kakar da ta wuce kuwa 'yan bindiga ba su bar wa kowa natsuwa ba. Malam ƙafarsa ta daina ɗaukar doguwar tafiya, saboda haka Ishaya ne ya bi mazan unguwa a kan babura, suka tafi ceto abin da zai cetu.

Sun dawo da gero bugagge a buhuna, ba dami ko ɗaya. Mutum guda kuma bai dawo tare da su ba, maƙwabcinmu Malam Garba, wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ishaya ya sauke buhuna, ya sha ruwa, ya shiga ɗaki. Bai ce komai ba a ranar, bai ce ba washegari. Mu kuma muka yi abin da mutanen kirki suka saba: muka yi shiru, muka sa wa shirun suna haƙuri. Muka gode wa Allah da ya dawo da shi, muka jingine buhunan a zaure na ciki, aka ci gaba da rayuwa.

Da zafi ya fara shigowa, Iliya ya fara ƙin abinci. Yaron da in ya ga kwano a hannunka sai ka biya harajin loma kafin ka wuce, ya koma kau da kai. Sai riƙe ciki, sai kuka, sai amai. Bakinsa da ba ya hutawa ya yi tsit. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani. Muka ce tsutsar ciki ce, aka ba da magani. Wata ta ce haƙori ne, na tuna mata cewa yaron ya gama haƙori tun bara. Abin da kawai yake karɓa shi ne kunun gero, shi ma sai ni na ba shi. Sai na ƙara dama masa, safe da rana da yamma, ina jin daɗi wai ko ba komai cikinsa ba ya kwana wofi.

Wata safiya yana zaune a tsakar gida, sai ya sanƙare. Idanu suka juye, haƙora suka datse, hannuwa na karkarwa. Ladi ta sa ihu. Ni kuwa na sure shi, muka nufi asibiti.

Daga asibitin gari aka ce mu wuce Anka. Ba sai na gaya muku yadda hanyar take ba. Kun san yadda direba ke kashe rediyo in an iso wasu wurare, kowa ya kama bakinsa, mai tasbaha ya ja tasbaharsa, mu kuma mu ja tamu addu'ar a ciki. Yaron yana kan cinyata, jikinsa sharaf, ina sa yatsa a ƙarƙashin hancinsa ina cirewa.

A Anka aka ɗebi jininsa. Likitar da ta zo da sakamako yarinya ce, na haifi wadda ta girme ta, amma ta zauna a gabanmu da nauyin manya. Ta ce, "Mama, dalma ce a jininsa. Da yawa."

Duk wanda ya kwana a ƙasar nan ya san wannan kalma, tun shekarar da yara suka yi ta mutuwa a Tungar Guru da ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Amma a tunanina ciwon waɗancan gidaje ne. Mu me ya haɗa mu da zinariya? Ko 'yan kunnena na roba ne da aka shafa wa ruwan gwal.

Ta fara tambaya. Akwai mai haƙo a gidanku? Babu. Ana daka dutse ko niƙa shi a unguwarku? A'a. Kuna sa masa kwalli? Ba mu sa masa. Maganin gargajiya na gari fa? Ban yarda da shi ba. Ruwan sha? Rijiya ɗaya muke sha da rabin unguwa. Ta rubuta, ta ajiye biro.

Ta ce, "Maganin da za mu ba shi zai janyo dalmar ta fita. Amma wani wuri take shiga jikinsa, kuma wurin yana gidanku ko kusa da shi. Masu na'urar gwada ƙasa ba za su iya zuwa wajenku yanzu ba, hanya ba ta ba da hali. In muka sallame shi ya koma kan abin da ya kawo shi, zai dawo mana. Wanda ya dawo karo na biyu, Mama, ba kullum yake dawowa da hankalinsa ba. Wani ba ya isowa."

Wannan ita ce maganar da na kwana da ita na tashi da ita. Magani yana aiki, yaro ya fara buɗe ido, ranar sallama tana matsowa, mu kuwa ba mu san me ke kashe shi a gidanmu ba. Kowace alamar sauƙi da ya nuna, sai gabana ya ƙara faɗuwa.

Sai zargi ya shigo, don shi ba ya jiran gayyata. Ladi ta matso kusa da ni a bakin gado ta ce, "Inna, ko dai baban yaron ga shina zuwa haƙo bai hwaɗa muna ba? Tun kaka ba shi duban idona." Na ce ta bar wannan magana. Amma ni ma na riga na yi tunanin. Samari nawa ne suka ce sun tafi ci-rani, ashe suna cikin rami? Aka gaya mini Malam ya tare shi a gida da tambayar, Ishaya ya ce bai taɓa haƙa ramin zinariya ba, ya ɗauki babur ya fita, bai dawo ba sai da aka kwashe tuwo.

Ranar da na kai ƙarshen dabarata, da rana ne tsaka, ina wanke kwanuka a famfon bayan ɗakin yara na asibitin. Likita ta riga ta gaya mana cewa in gwaji na gaba ya yi kyau za a ba mu gida, don akwai masu jiran gadon. Na ajiye kwano, na dafa bango, na ce: "Ya Ubangiji, shekarun da na yi ina yi wa 'ya'yan mutane tambaya, ban taɓa yin wadda ban san amsarta ba. Yau ga tambaya an ajiye a gabana, ran yaro a kanta, kaina kuwa fayau. Ba ni da wayo, ba ni da wanda zan leƙa takardarsa. Kai ka san inda abin nan yake. Ka gan shi lokacin da ya shigo gidana. Ka nuna mini, saboda sunan Yesu. In ba za ka nuna mini ba, kada ka bari su sallame mu."

Ba zan yi muku ƙari ba. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Famfo ya ci gaba da ɗiga. Na ɗaga kai don in share fuska, sai na ga hadari ya ɗan taru a gabas, na farko a shekarar, irin wanda ba ya zubar da komai sai dai ya tuna wa manomi aikinsa. Sai wani tunani ya faɗo mini, wanda a lokacin na ga kamar bai da kan gado: damina ta ƙarato, ba a yi waiwaye ba.

Na kore shi, ya dawo. Na ce wa kaina, ke tsohuwa, jikanki na kwance kina lissafin ƙuduji? Ya ƙi tafiya. Duk tambayoyin likita a kan abin da muke yi kullum ne. Ba wanda ya tambayi abin da muka yi sau ɗaya tak, muka kuma ƙi waiwayarsa.

Washegari na bar Ladi da yaron, na shiga motar Bukkuyum.

Na iske Malam a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi.

"Lahiya? Yaron ne?"

"Yana nan da sauƙi. Malam, waiwaye na zo a yi."

Ya dube ni yadda ake duban wanda rana ta buga. "Malama, yaro na kwance asibiti, ke kin biyo wagga hanya don zancen gona? Ke da kika ce ni sufeto ne?"

"Yau sufeton nake nema. Ka kira Ishaya."

Ya daɗe yana juya ƙotar a hannu. Sannan ya ce a shimfiɗa tabarma.

Ishaya ya zo ya zauna can gefen tabarma, rabin jikinsa a ƙasa, kamar mai shirin gudu. Malam ya yi addu'a gajeriya, ya fara yadda ya saba, daga iri. Zuciyata tana ce mini a yi sauri, amma na san in aka karya dokar a farko za a karya ta a inda ake buƙatarta. Muka bi shuka. Muka bi inda tsuntsu ya tone aka sake. Muka bi noman fari da aka yi a tsaitsaye, mutum guda a kan itace yana duban hanya. Muka bi maimai da ba a yi ba sam a gefen rafi, don ta nan 'yan bindiga suke ɓullowa. Ishaya yana ba da amsa da kalma ɗaiɗai, idonsa a kan tururuwa.

Malam ya ce, "To, gero ya nuna. Kun tahi. Kun yanke. Sai mi?"

"Sai munka kawo shi gida."

Malam ya ɗaga hannu. "Dakata. Ni ba makaho ba ne. Bugagge kak kawo shi. Ina kunka buge shi?"

Wata akuya ta zo ta tsaya tana kallonmu, ba wanda ya kore ta.

"Ishaya, tambayarka nika yi."

"Baba, a bar wanga zance."

"Ba a tsallake."

Na ce, "Ɗana, ba laifi muke nema ba. Iliya za a maido gidan nan. Ka taimake ni."

Sai ya fara, muryarsa can ƙasa. Ya ce bugu a gona ba ya yiwuwa, don an aiko musu cewa duk wanda aka iske a cikin gona bayan azahar ya zama nasu. Dami kuwa babur ba ya ɗaukar na kirki. Sai wani ya kawo shawara a kwashi zangarniya a kai sansanin masu haƙo da ke bayan tudu, tunda su 'yan bindiga ba su cika harbi a can ba, suna da rabonsu a wurin. Kuma akwai wani fili da masu haƙon suka daɓe, sumul kamar tsakar ɗaki, ya dace da bugu. Can suka zube geron, suka buge da sanduna, suka sheƙe sama-sama, suka share da tsintsiya har ƙasa don kada ƙwaya ta salwanta. Buhunan da suka tafi da su ba su isa ba. Masu haƙon suka nuna musu tulin wofin buhuna suka ce su ɗiba.

Na ce, "Me suke shanyawa a kan daɓen nan?"

"Garin dutse, Inna. In sunka niƙa shi, nan suka baza shi..."

Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da maganar ta isa kunnen mai yin ta.

Malam ya ce a hankali, "Mi ya hana ka hwaɗi tun tuni?"

A nan ne Ishaya ya fashe da kuka. Ya ce suna cikin bugu mutanen suka zo, su da bindigoginsu, suka zauna a kan buhunan da aka riga aka ɗinke suna shan sigari. Ɗayansu ya nuna Malam Garba da baki, ba dalili, ya ce ya tashi. Sauran kuma aka ce kada sanda ta tsaya. "Munka ci gaba da bugu, Baba. Suna tahiya da shi, shina kiran sunana, ni ina bugun gero. Ban ɗaga kai ba. Ta yaya zan zo in zauna nan in ce ga inda munka yi bugu?"

'Yan'uwa, na yi shekaru ina ganin yara suna kuka, na san na ƙarya, na san na gaske. Ban taɓa jin irin wannan ba.

Malam ya bar shi har ya lafa. Na zaci zai yi masa faɗa, ko ya yi masa wa'azi, don ya iya duka biyun. Sai ya miƙa hannu ya dafa ƙeyarsa, ya ce, "Da ka ɗaga kai, da yau mutum biyu muka nema. Share idonka. Ba mu kai rumbu ba tukuna. Gero ya shigo gida. Malama, sai ke."

Sai waiwaye ya juyo kaina. Wa ke cin geron? Mu manya tuwon dawar ƙaramar gona muke ci, gero sai jefi-jefi. Mai shan sa kullum mutum ɗaya ne. Ina ake zubar da ruwan wankinsa? A gindin katanga, inda ƙasa ke da laushi, inda Angona ke gina gidajensa yana sa hannu a baki. Agwagina da suka mutu ɗaya bayan ɗaya na ce ciwon kaji ne, ina suke shan ruwa? A nan. Buhunan da aka juye fa? Ni ba na yar da abu. Na kakkaɓe su a tsakar gida, na shimfiɗa wa yaron yana zama a kai.

Na tashi na ɗebo geron a ƙwarya, na zuba ruwa, na zauna a gabansu na rege shi, yadda kowace mace a nan ta iya: a juya, a tsiyaye hatsin a wata ƙwarya, mai nauyi ya kwanta. Na sha ganin abin da ke kwanciya tun kaka, na sha yin mita cewa geron bana ƙasa ta yi masa yawa. Ranar ce na fara dubansa da ido. Ba jan yashin gonarmu ba ne. Toka-toka ne, mai laushi, mai nauyi, in rana ta taɓa shi yana ɗan ƙyalli.

Malam ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Wanga ba ƙasata ba ce."

Na juye shi a kwalba na toshe. Da safe na koma Anka. Likita ta kai shi ɗakin gwaji, ta dawo tana tafiya da sauri, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, "Mama, kada ki ƙara taɓa shi da hannu. Gida nawa ne suka yi bugu a wurin nan?"

Malam bai jira an aike shi ba. Ya ja sandarsa ya tafi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kira liman, kafin la'asar magana ta shiga kowane gida da ke da buhu daga wancan wuri. Aka kai yara gwaji. An sami waɗanda abin ya fara kamawa, iyayensu suna ta ba su maganin zazzaɓi kamar yadda muka yi. Ba a rasa ko ɗaya ba a cikinsu. A nan, ko ni da ba na son hayaniya a aji, na yarda ku ce Halleluya.

Geron kuwa, aka haƙa rami nesa da rijiya, inda ma'aikatan lafiya suka nuna, aka binne shi da buhunansa. Abincin shekara guda, wanda aka bayar da mutum a kansa. Malam, wanda in ƙwaya ɗaya ta faɗi sai ya sunkuya da ciwon ƙafarsa ya tsince ta, ya tsaya a bakin ramin har aka gama turbuɗewa. Wani ya raɗa masa cewa da an kai kasuwar wani gari, wa zai sani? Ya ce, "Can ma ɗiyan mutane ka shan kunu." Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu, aka kwashe, aka zubo sabuwa. Turmi da ƙore da rariya duk suka bi geron.

Ishaya da ƙafarsa ya je wurin Inna Hajo, matar Malam Garba, ya durƙusa ya gaya mata yadda aka yi, bai rage ba. Ta saurare shi har ƙarshe. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko mijinta ya sami abin da ya sa a ciki a ranar. Ya ce da hantsi sun sha fura tare. Ta ce to. Bayan kwana biyu ta aiko da zangarniyar iri da mijin ya rataya a ɗakinsa tun kakar da ta gabaci wannan, ta ce a raba, ita ba ta da mai shuka duka. Shi muka shuka.

Hukuncin waiwayen bana gajere ne. Babbar gona an bar ta ta huta, ba don ta gaji ba. Gero da dawa da wake duk sun matsu a ƙaramar gona kamar 'yan aji ɗaya a benci guda. Abin da za mu samu ba zai kai mu wata kaka ba, mun sani, mun kuma sa shi a hannun wanda ya fi mu sanin lissafi.

Aka sallami Iliya ya dawo gidan da aka share. Muna komawa gwaji, kowane zuwa dalmar tana raguwa. Ba zan tsaya a gaban Allah da gabanku in ce ya koma yadda yake ba. Maganarsa ta yi nauyi, kalmomin da ya riga ya iya wasu sai an sake koya masa, wani lokaci ka kira shi sai ya ɗan jima kafin ya juyo. Likita ta ce a ba shi lokaci, ba ta yi alkawari ba. Ina roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a, ku sa Malam Garba da iyalinsa, ku sa ɗana, wanda sai yanzu ya fara cin abinci a cikin mutane.

Ku kuma, kaka tana zuwa, tsoro bai tafi ba, za a sake yin girbi a guje. In hatsi ya shigo gidanku, ku tambayi inda aka buge shi da buhun da aka zuba shi. In wanda ya kawo shi ya yi shiru, kada ku ce haƙuri ne. Ku zaunar da shi, ku bi shi a hankali, kada ku tsallake. In kuma kun kai inda dabara ta ƙare, ku gaya wa Ubangiji a fili cewa ba ku sani ba. Ni na gaya masa a bakin famfo, da kumfar sabulu a hannuna, ya kuwa ji. Amsar da ya ba ni ba ta yi kama da amsa ba, sai da na bi ta.

Na gode wa Allah Uba da ya nuna mana abin nan kafin a sallame mu. Na gode wa Yesu da ya riƙe numfashin yaron a kan hanyar Anka. Ga shi can a layin baya, a kan cinyar uwarsa, da ƙosai a hannu. Duk mai shakkar shaidata, in an tashi ya je ya gwada karɓe masa.

Ku dogara ga Ubangiji, 'yan'uwa. Yabo da girma nasa ne, a cikin sunan Yesu. Amin.